Me ya sa Amurka ta yi ta ɗura wa Diem makamai alhali ta san talakawansa sun juya masa baya?

Dalibin_Samaru:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kwana biyun nan ina karatu a kan farkon yaƙin Biyetnam, wato shekarun 1955 zuwa 1963, zamanin mulkin Ngo Dinh Diem a Kudu, tun kafin babban yaƙin da aka fi sani ya ɓarke. Abu guda ya tsaya mini a rai. A ƙarshen 1960 sojojin Amurka da ke can ba su kai 1,000 ba, kuma da sunan mashawarta suke zaune. Ƙarshen 1961 sun haura 3,000. Ƙarshen 1962 sun haura 11,000. Ƙarshen 1963 sun haura 16,000. A daidai waɗannan shekarun ne kuma mutumin da ake karewa yake ƙara baƙin jini a gida. Sojojinsa na lema sun yi yunƙurin kifar da shi a Nuwamban 1960, matuƙan jiragen yaƙinsa biyu sun jefa wa fadarsa bam a Fabrairun 1962. Jami'an Amurka na Saigon, babban birnin Kudu, suna gani, suna rubutawa gida. To me ya sa kullum amsar ita ce a ƙara? Rashin sani ne, girman kai ne, ko akwai wani lissafi da ban gane ba? Manya a taimaka mini.

Gaskiya_Daci:
Wa alaikumus salam. Ba wani lissafi. Kasuwar makamai ce kawai. Ko'ina ka ga Amurka ta shiga, bi sawun kuɗin.

MalaminTarihi:
Wa alaikumus salam, ɗalibi. Tambayarka ta yi kyau, amma sai mun ɗan koma baya kafin ta amsu. Gaskiya_Daci, kamfanonin makamai sun ci riba daga baya, babu musu, sai dai a 1955 Kudancin Biyetnam ba ta da kuɗin sayen ko harsashi. Kyauta ake ba ta, har albashin sojojinta akasari daga aljihun Amurka yake fitowa.

Amurka ba da Diem ta fara ba. Tun Faransa, mai mulkin mallakar ƙasar, na yaƙi da dakarun Viet Minh na Ho Chi Minh take biya, har zuwa 1954 kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin yaƙin Faransa ita ke ɗauka. Da aka murƙushe Faransa a Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayun 1954, sai taron Geneva ya raba ƙasar biyu na wucin gadi, da sharaɗin za a yi zaɓen haɗewa a Yulin 1956. Diem ya ƙi zaɓen, Amurka ta mara masa baya. Daga ranar nan ƙasar Kudu ta zama abin da Amurka ta tsaya wa da sunanta, kuma Diem ne ginshiƙin da aka kafa ta a kai.

Me ya sa shi? Bai yi wa Faransawa bara irin na sauran manya ba, ya ajiye muƙamin minista tun 1933 saboda saɓani da su. Ba ɗan kwaminis ba ne. Ya zauna a Amurka a farkon shekarun 1950, ya san manya irin su Sanata Mike Mansfield da John Kennedy tun yana majalisa. A 1957 shugaban Amurka Eisenhower da kansa ya je filin jirgin Washington ya tarbe shi. A 1961 Lyndon Johnson, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya je Saigon ya kwatanta shi da Churchill. Wanda ka ɗaga haka a bainar jama'a, da wane baki za ka dawo ka ce ka yi kuskure?

Abu_Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, ina ganin ana son a ɗora wa ɓangare ɗaya laifi. Ku tuna duniyar da ake ciki. Sin ta koma hannun Mao a 1949. Koriya ta Arewa ta afka wa ta Kudu a 1950. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai ruwa za ka nema. Kuma su 'yan sari-ka-noƙen kwaminis da ke yaƙar Diem ba waliyyai ba ne. Dagatai da malaman makaranta da ma'aikatan lafiya suka riƙa bi suna kashewa da dare don gwamnati ta rasa wakili a ƙauye. A Arewa, rabon gonakin da gwamnatin Ho ta yi tsakanin 1953 da 1956 ya ci rayukan dubban mutane, har ita jam'iyyar ta fito ta amsa cewa an yi ɓarna. Mutum wajen 800,000 ko fiye suka tsere daga Arewa zuwa Kudu bayan yarjejeniyar Geneva. Waɗannan fa, a bar su ke nan?

Yar_Zongo:
Yaya Abu_Khalifa, ba wanda ya ce waliyyai ne. Amma tambayar ɗalibin nan ba ta kan halin 'yan kwaminis ba ce, ta kan Diem ce. Ni abin da na taɓa karantawa shi ne Eisenhower da kansa ya ce da an yi zaɓen 1956 Ho zai ci kashi 80.

MalaminTarihi:
Ƙaramin gyara, 'yar'uwa. Abin da Eisenhower ya rubuta shi ne, da an yi zaɓe a lokacin da ake yaƙi da Faransa, mai yiwuwa kashi 80 su zaɓi Ho a kan Bao Dai, tsohon sarkin da Faransa ta ɗora. Ba da Diem ya auna shi ba. Amma ma'anar ba ta yi nisa da abin da kika faɗa ba, Washington ta san wanda ya fi farin jini.

Shi kuwa Diem, ga irin zaɓen da ya yarda da shi. A Oktoban 1955 ya shirya ƙuri'ar raba gardama tsakaninsa da Bao Dai, ya ce ya sami kashi 98.2. A Saigon ƙuri'un da aka ba shi sun haura 600,000, alhali masu rajista wajen 450,000 ne. Amurkawa sun san da wannan, suka kawar da kai.

Lauyan_Talaka:
Ni wurin da na fi so a duba shi ne ƙauye, don a can aka yi asarar yaƙin tun kafin a fara harbi sosai.

Lokacin yaƙi da Faransa, manyan masu gonaki na yankin kogin Mekong sun gudu birni, Viet Minh ta raba wa manoma gonakin. Manomi ya shekara da shekaru yana noma shinkafarsa ba ya ba kowa galla. Da gwamnatin Diem ta kafu, sai masu gona suka dawo tare da sojoji suna karɓar haya. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 1956 ta bar wa mutum guda har hekta 100 na shinkafa, abin da ya ragu kuma manomi saya zai yi. Ka sa kanka a matsayin manomin nan. Wa ya ba ka gona, wa ya ƙwace?

A shekarar nan dai Diem ya soke zaɓen majalisun ƙauye, al'adar da ko Faransawa ba su kawar da ita gaba ɗaya ba, ya riƙa naɗo mutane daga waje. Sai dokar 10/59 ta Mayun 1959, wadda ta kafa kotunan soja masu yawo gari-gari da ikon yanke hukuncin kisa ba ɗaukaka ƙara. An kama dubbai da sunan farautar 'yan kwaminis, da yawansu laifinsu kawai sun yaƙi Faransa a da. A Afrilun 1960 wasu dattawa 18, cikinsu har da tsofaffin ministoci, duka masu adawa da kwaminisanci, suka sa hannu a takardar neman gyara. Ba a saurare su ba, daga baya ma aka kama wasunsu. Ƙungiyar 'yan tawayen da aka fi sani da Viet Cong sai a Disambar 1960 aka kafa ta a hukumance. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abu_Khalifa:
Barista, bangon ya tsage, na yarda. Amma ƙadangaren ba daga sama ya faɗo ba. Tun Mayun 1959 Hanoi, wato gwamnatin Arewa, ta kafa rundunar da ta fara buɗe hanyar da ake kira hanyar Ho Chi Minh, ana shigo da mutane da makamai ta Laos. Ko da Diem mala'ika ne, da sun zo.

Lauyan_Talaka:
Da sun zo, amma wa zai ba su abinci? Wa zai ɓoye su? A shekarun farko yawancin mayaƙan 'yan Kudu ne, kuma kaso mai yawa na bindigoginsu daga hannun sojojin gwamnati da 'yan sintirin ƙauye suka ƙwato. Wato makamin da Amurka ta aiko da shi ake harbin wanda ta aiko wa.

TsohonSoja82:
'Ya'yana, ku bar ni in sa baki, ni na sa kaki shekara ashirin da wani abu, na kuma yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya. Ban san Biyetnam ba sai a karatu, amma na san abu ɗaya da jikina. Soja a daji makaho ne, mutanen gari su ne idonsa. Akwai wani ƙauye da muka zauna, wata uku ba wanda ya taɓa mu. Tsohuwa za ta zo wucewa da itace a ka, ta ce yau kada ku bi ta gada. Shi ke nan, ta ceci rai goma. Daga baya wasu da suka karɓe mu suka fara kama awakin mutane, suna marin samari a shingen bincike. Ba a yi wata guda ba aka yi musu kwanton ɓauna a wannan gadar dai. Ba wanda ya ce musu uffan.

Jirgi mai saukar ungulu zai kai ka wuri da sauri, amma ba zai faɗa maka wanda ke cikin bukkar nan ba. Wanda ke zaune a ofis a babban birni ba ya gane wannan, shi lissafinsa bindiga nawa, mota nawa, gawa nawa.

Dalibin_Samaru:
Baba, Allah ya ƙara girma. Maganarka ta tuna mini da yaƙin Ap Bac da na karanta jiya. Ranar 2 ga Janairun 1963, mayaƙan Viet Cong wajen 350 suka tsaya wa sojojin gwamnati kusan 1,500 masu motocin sulke da jirage. Suka kakkaɓo jirage masu saukar ungulu 5, suka kashe sojojin Kudu wajen 80 da Amurkawa 3, su kuma suka rasa 18, dare ya yi suka sulale. Mashawarcin Amurka da ke wurin, John Paul Vann, ya fito ya ce abin kunya ne. Amma babban kwamandansu a Saigon, Janar Paul Harkins, ya ce nasara ce tunda an kama wurin.

TsohonSoja82:
To ka ga rabin amsar tambayarka ke nan, ɗana. In na ƙasa ya faɗi gaskiya na sama ya goge ta, mai yanke hukunci da takardar ƙarya yake aiki.

MalaminTarihi:
Baba ya faɗi gaskiya, kuma akwai dalilin da ya sa sojojin Kudu suka yi sanyin jiki a Ap Bac. Diem ba ya naɗa kwamanda don iya yaƙi, sai don biyayya. Bayan yunƙurin 1960 ya fi tsoron sojojinsa a kan 'yan tawaye. Kwamandan da ya yi asarar sojoji da yawa fada za ta kira shi, don haka kowa ya koyi kauce wa faɗa yana aika rahoto mai daɗi. Ƙanensa Ngo Dinh Nhu na riƙe da 'yan sandan ciki da jam'iyyar asiri ta Can Lao, wani ƙanen, Can, na juya yankin tsakiya, yayansu Thuc shi ne babban limamin Katolika na Hue. Gida ɗaya ke riƙe da ƙasa.

Ga abin da ni nake ganin shi ne zuciyar lamarin. Shugaban da ke rayuwa da harajin talakawansa dole ya saurare su ko ba ya so. Diem ba ya bukatar harajinsu, kuɗi na zuwa daga ƙetare. Amurka kuma duk lokacin da ta ce masa ya gyara ko ta rage taimako, ya san barazanar banza ce, tunda ta riga ta shaida wa duniya cewa faɗuwar Saigon faɗuwarta ce. Sai ya zama mai karɓa ne ke riƙe da wuyan mai bayarwa. A ƙarshen 1961, bayan ziyarar Janar Maxwell Taylor da Walt Rostow, Kennedy ya nemi Diem ya buɗe gwamnatinsa a madadin ƙarin taimako. Diem ya turje, jaridun Saigon suka fara zagin Amurka, sai Washington ta sassauta sharuɗɗan, ta aika da kayan. A Disambar 1961 jirgin ruwa ya sauke rukunin farko na jirage masu saukar ungulu a Saigon, a Fabrairun 1962 aka kafa cikakkiyar hedkwatar sojan Amurka a can.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum. Ina bin zancen nan tun safe da sha'awa, don mu a Nijar wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce ga tsofaffinmu. Kakana na wajen uwa sojan Faransa ne, ya yi yaƙin da suke ce ma Andoshin. Da yawa daga Afirka ta Yamma an kai su, Eyadema na Togo ma ya yi, Bokassa na Afirka ta Tsakiya ma haka. Ina yaro yana ba mu labarin fadamun shinkafa, ruwa har gwiwa, da matsattsaku. Abin da ban manta ba, ya ce da rana mutum zai sayar maka da ayaba yana murmushi, da dare shi ne zai harbe ka, kuma shi kakana bai taɓa jin haushinsu ba, don ya ce ƙasarsu ce. Faransa ta shekara takwas ta kasa. Mamakina shi ne yadda Amurka ta ga wannan da idonta, da kuɗinta ma aka yi, ta ce ita dabam ce.

Maman_Ilham:
Allah sarki. Nawa kakan ma ya je yaƙi can wajen, Burma suke cewa. Ko wuri ɗaya ne?

Dan_Damagaram:
A'a Hajiya, dabam ne. Na Burma yaƙin duniya na biyu ne, sojojin Ingila da Japan, shi ne aka kwashi 'yan Nijeriya da Gana. Namu na Faransa ne, daga 1946 zuwa 1954. Allah ya jiƙansu duka.

Maman_Ilham:
Amin, na gode. Ni dai abin da ya fi taɓa ni a duk labarin nan shi ne tashin ƙauyuka. Na karanta cewa a 1962 aka fara kwashe manoma ana tara su a wasu garuruwa da aka kewaye da waya mai ƙaya da rami, wai don a raba su da 'yan tawaye. Su za su haƙa ramin da hannunsu ba biya, wani lokaci a ƙone tsohon gidan suna kallo. Mutanen da ke girmama kaburburan iyayensu aka raba su da su. Ku yi tunanin uwa da goyo, an ce ta bar gonarta da rijiyarta ta koma cikin shinge. Ko da ba ta san mene ne kwaminisanci ba, ranar nan ta san wanda ta tsana.

Lauyan_Talaka:
Hajiya kin taɓo wuri mai muhimmanci. Dabarar daga Malaya, da ke cikin Malesiya ta yau, aka aro ta, inda Ingila ta yi amfani da ita, har Robert Thompson da ya yi aikin can ya zo ba da shawara. Amma a Malaya yawancin 'yan tawayen 'yan asalin Sin ne, ana iya ware su. A Biyetnam ɗan tawayen ɗan gidan ne, in ka kewaye ƙauye da shi ka kewaye. Nhu ya yi ta gaggawa, zuwa tsakiyar 1963 gwamnati na iƙirarin ta gina sama da 7,000. Bayan faɗuwar su Diem aka gano da yawa a takarda kawai suke. Wani abin mamaki, ɗaya daga cikin manyan jami'an da ke kula da shirin, Kanar Pham Ngoc Thao, ɗan leƙen asirin Hanoi ne.

Gaskiya_Daci:
Duk wannan dogon turanci ne. Ku duba Agadez, ku duba Kabul. Hali ɗaya ne, zanen dutse.

MaiLura:
Jama'a a yi haƙuri a tsaya kan maudu'i. Zancen sansanin da sojan Amurka suka yi a Agadez yana da nasa zauren, kuma abokan faɗan can ba 'yan kwaminis ba ne. Mu koma kan tambayar ɗalibi.

Abu_Khalifa:
Madalla. To ni ga tawa tambayar ga Malam da Barista. In dai taimakon shugaba marar farin jini kullum asara ne, ya za ku yi da Koriya ta Kudu? Syngman Rhee ma ɗan kama-karya ne, ɗalibai suka kore shi a Afrilun 1960, bayansa sojoji suka yi ta mulki. Amurka ba ta janye ba. Yau ku dubi Kudu ku dubi Arewa. Filifin ma, an murƙushe 'yan tawayen Huk da taimakon Amurka. Girka ma haka a ƙarshen shekarun 1940. Mutanen Kennedy waɗannan misalan ne a gabansu, ba mahaukata ba ne.

MalaminTarihi:
Wannan hujja ce mai nauyi, Malam Abu, kuma na yarda ita ce a kawunansu. Amma duba bambancin. A Filifin an sami Ramon Magsaysay, wanda ya zama ministan tsaro a 1950. Ya kori hafsoshi masu cin zali, ya sa soja ya tsare zaɓen 1951 aka yi shi da gaskiya, ya yi wa 'yan tawayen da suka ajiye makami alkawarin gona. Shugabansu Luis Taruc ya miƙa wuya a 1954. Edward Lansdale, jami'in Amurka da ya yi aiki da Magsaysay, shi aka tura Saigon a shekarar don ya maimaita abin da Diem. Bai samu ba, domin Diem ba mai shiga cikin talakawa ba ne. A Girka kuwa Tito na Yugoslabiya ya rufe wa 'yan tawaye iyaka a 1949. Koriya yaƙin runduna da runduna ne, da fagen daga sananne.

Sai siyasar cikin gida, wadda ba mu taɓo ba. Jam'iyyar Democrat ta sha zargin cewa a hannunta Sin ta suɓuce. A 1961 kaɗai Kennedy ya kunyata a harin Kuba a Afrilu, shugaban Tarayyar Sobiyet Khrushchev ya yi masa tsawa a Vienna a Yuni, ya kuma yarda da sulhu a Laos. Ba ya son a ce ga ta huɗu. Taylor ya ba shi shawarar aika sojojin yaƙi 8,000, ya ƙi. Janyewa ma ya ƙi. Sai ya ɗauki ta tsakiya, a ƙara kaɗan don kada a faɗi bana. Kowace shekara haka, kuma kowane ƙari yana sa janyewar baɗi ta fi tsada.

Yar_Zongo:
Malam, akwai wata takarda da na gani a cikin bayanan sirrin Pentagon da aka fallasa a 1971. Wani babban jami'in ma'aikatar tsaro, John McNaughton, ya rubuta a Maris 1965 cewa manufarsu kashi 70 gudun kunyar shan kaye ne, kashi 20 hana Sin mamaye yankin, kashi 10 ne kawai don mutanen Kudu su ji daɗin rayuwa. Da na karanta sai da jikina ya yi sanyi. Kashi 10.

Abu_Khalifa:
Ra'ayin mutum ɗaya ne a takarda ɗaya, 'yar'uwa. Amma ban musa ba, yana da ɗaci.

Dalibin_Samaru:
To in haka ne, me ya sa a ƙarshe suka bari aka kifar da shi? Ai wannan ya saɓa wa maganar cewa shi ke riƙe da wuyansu.

Lauyan_Talaka:
Hoto ne ya karya shi. Ranar 8 ga Mayun 1963 a Hue aka hana mabiya Buddha, waɗanda su ne mafi rinjaye a ƙasar, kafa tutarsu ranar bikinsu, alhali kwanaki kaɗan kafin nan tutocin Vatican sun cika garin don bikin Thuc, yayan Diem. Aka yi zanga-zanga, mutum 9 suka mutu, gwamnati ta ce Viet Cong ne. Ranar 11 ga Yuni wani dattijon malaminsu, Thich Quang Duc, ya zauna a tsakiyar titi a Saigon ya cinna wa kansa wuta. Hoton ya zaga duniya. Matar Nhu ta fito ta kira abin gashin nama. Ranar 21 ga Agusta dakaru na musamman, waɗanda Amurka ke horarwa tana biya, suka fasa wuraren ibada suka kama sama da mutum 1,000.

Ina roƙo kada wani ya mai da wannan faɗan addini a zauren nan. Nuna fifiko ne na gida ɗaya. Mahaifin matar Nhu da kansa, wanda shi ne jakadansu a Washington, ya ajiye aiki don fushi. Ministan harkokin waje Vu Van Mau ya aske kansa ya yi murabus.

Daga nan sabon jakada Henry Cabot Lodge ya sami saƙo daga Washington, janar-janar na sojan Kudu suka fahimci ba za a hana su ba. Ranar 1 ga Nuwamba suka yi juyin mulki ƙarƙashin Duong Van Minh, washegari aka kashe Diem da Nhu a cikin motar sulke. Bayan sati uku aka kashe Kennedy.

TsohonSoja82:
An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Wanda ya sa hannu aka cire shugaba, duk abin da ya biyo baya a wuyansa yake.

MalaminTarihi:
Haka aka yi, Baba. Minh bai cika wata uku ba Nguyen Khanh ya ture shi a ƙarshen Janairun 1964, aka yi ta juyi bayan juyi har 1965. Bayan rahoton an kai wa jiragen ruwan yaƙin Amurka hari a tekun Tonkin a Agustan 1964 majalisar Amurka ta ba Johnson, wanda ya gaji Kennedy, wuƙa da nama, sanatoci biyu kacal suka ƙi. Ranar 8 ga Maris 1965 sojoji 3,500 suka sauka a Da Nang, ba da sunan mashawarta ba kuma. Ƙarshen shekarar sun haura 180,000, a 1968 sun haura rabin miliyan.

Abu_Khalifa:
To kun gani. Wannan ai hujjata ce. Da Diem, duk da aibinsa, akwai gwamnati. Da aka cire shi komai ya watse. Watakila kuskuren ba taimakonsa ba ne, yasar da shi ne.

Lauyan_Talaka:
Ko kuma ya watse ne domin shekara tara yana kawar da duk wanda zai iya gadonsa. Ya ɗaure 'yan adawa na farar hula, ya raba kan sojoji. Wa ya rage?

DanKasuwarKashu:
Ku gafarce ni, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma na taka ƙasar. Harkar kashu ta kai ni birnin Ho Chi Minh, tsohon Saigon, sau biyu, su ne manyan masu sayen ɗanyen kashu daga wajenmu. Wani abokin ciniki ya kai ni Cu Chi, inda ramukan ƙarƙashin ƙasa na mayaƙan Viet Cong suke. Na shiga ɗaya, ban yi minti biyar ba numfashina ya fara sarƙewa, na ce a fitar da ni. Mutane sun zauna a ciki shekaru, da wurin girki da wurin jinya. Shi abokin nawa kuwa mahaifinsa sojan Kudu ne, bayan Arewa ta ci yaƙin a 1975 an tsare shi shekaru a sansanin da suke kira na gyaran tunani, wasu danginsa suka gudu ta teku a kwalekwale. Ya faɗa mini wannan da murya ƙasa-ƙasa a cikin mota. Gida ɗaya, kawunsa kuma yana ɗaya ɓangaren. Don haka da Malam Abu da Barista duk ina jin ku.

Maman_Ilham:
Alhaji, wannan labarin ya fi duk alƙaluman taɓa ni. Amurkawa sun ƙirga nasu sama da 58,000, sun rubuta sunayensu a bango. Na Biyetnam ana maganar miliyoyi. Kuma maganin kashe ciyawa da aka fara fesawa tun 1962, zamanin mashawartan nan, har yau ana haifar yara da larura a yankunan da aka fesa.

Dalibin_Samaru:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Amma har yanzu akwai inda ban gamsu ba. Na ga cewa a Oktoban 1963 Kennedy ya amince a janye mashawarta 1,000 kafin ƙarshen shekara, kuma a wata hira a Satumba ya ce yaƙin nasu ne, su za su ci ko su faɗi. Wannan ba ya nuna ya fara neman hanyar fita?

MalaminTarihi:
A wannan hirar dai ya ce bai yarda da masu cewa a janye ba, kuskure ne babba. Shirin janye 1,000 ɗin kuma an gina shi a kan rahotannin cewa ana samun nasara, irin rahotannin da Baba ya yi magana a kansu. Masana tarihi har yau sun rabu biyu a kan abin da zai yi da ya rayu. Ni ina karkata ga cewa da zai ci gaba da jinkirta hukunci har bayan zaɓen 1964.

Abu_Khalifa:
Malam, har yanzu ba wanda ya ba ni amsar tambayata ta farko. Mutum 800,000 da suka gudo Kudu a 1954, da irin mahaifin abokin Alhaji. A ce kai ne a kujerar Kennedy a Nuwamban 1961, rahoton Taylor na gabanka. Me za ka rubuta a kai?

TsohonSoja82:
Ni dai da zan fara tura mutum uku da ba sa tsoron kowa, su kwana wata guda a ƙauyukan Mekong ba tare da rakiyar jami'in gwamnati ba, su dawo su faɗa mini wa manoma ke kai wa shinkafa da dare. Kafin nan ba na sa hannu a komai. Zan je masallaci, in na dawo zan duba abin da Malam ya ce.